Wa ya hana ɗan talaka shiga gidan tarihi, tikiti ko kuɗin mota?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku ba ni aron hankalinku akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya tun satin da ya wuce. Ni malamar firamare ce, makarantar gwamnati, aji biyar nake riƙe da shi yara 74. Muna darasi a kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sai na kawo musu zancen Gidan Makama, na ce gidan nan tun zamaninsa yake kuma yanzu gidan tarihi ne kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Na ce to wa ya taɓa shiga? Hannu biyu kacal. Da na matsa wa ɗayan da tambaya me ka gani a ciki sai ya ce min zaki da jimina, ashe gidan zu yake nufi. Wlh dariya na yi amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai, yaran nan fa 'yan Kano ne haihuwar Kano, wasu iyayensu kullum ta gaban gidan suke wucewa zuwa Kurmi. Amma 'yan makarantun kuɗi duk zango sai ka ga an jera su a bas da rigunansu iri ɗaya an kai su eskoshan. To tarihin na masu kuɗi ne kawai? Ni a ganina a cire kuɗin shiga gaba ɗaya ga 'yan makarantun gwamnati da almajirai. Me kuka gani?

Sani Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Malama. Ni shekarata 41, shagona yana Kurmi, ban taɓa shiga ba 😂 kuma ba kuɗi ne ya hana ni ba gaskiya. Ni na ɗauka wurin turawa ne da 'yan jami'a masu rubuta furojet

Maman Khalifa:
Malam Sani ka faɗi gaskiya tsirararta. Ni ma haka

Malam Bala Ticha:
Malama Hadiza sannu da ƙoƙari, amma ina ga kin kama reshe kin bar tushe. Na yi shekara 19 ina koyarwa kuma sau uku na taɓa fitar da yara irin wannan fita, ko sau ɗaya tikiti bai taɓa zama matsalata ba, kuɗin shiga na yara bai taka kara ya karya ba kuma idan ka je da takarda daga hedimasta ana yi maka sauƙi. Abin da yake karya mutum mota ce. Yara 74 ai sai bas uku ko huɗu, a kai ku a jira ku a dawo da ku, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direba ba ya jin Allah ba ya jin Annabi a kan farashi, kuma ba laifinsa ba ne. Ga ruwan leda, ga ɗan abin da za su sa a baki dan ba za ka zagaya da yaro da yunwa ba. Sai ka ce kowane uba ya kawo wani abu, rabin ajin su kawo rabi su ce babu, to ya za ka yi, ka tafi da masu shi ka bar marasa shi suna leƙe ta taga? Na taɓa yi sau ɗaya, fuskar wata yarinya da muka bari a bakin get har yau ina ganinta. Daga ranar na daina.

Malama Hadiza:
Allah sarki. Wlh Malam wannan shi ne abin da nake tsoro

Injiniya Kabiru:
Ni dai ina tare da Malama, a mayar da shi kyauta kowa da kowa ma ba yara kawai ba. A Ingila tun watan Disambar 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ake shiga. Na shiga British Museum a Landan ba wanda ya tambaye ni ko sisi, akwai dai akwatin gudummawa a bakin ƙofa in ka ga dama ka jefa in ba ka ga dama ba ka wuce, sai in an kawo wani baje koli na musamman shi ne ake yankar tikiti. A Washinton ma gidajen Smithsonian kyauta ne. Abin takaicin kayan masarautar Benin ta jihar Edo da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 suna nan a jere a ƙasa, baƙo yana kallonsu a banza, mu kuma namu na gida sai an biya.

Alhaji Nasidi:
Injiniya kyautar nan da kake magana wani ne ya biya. Harajin mutanen Ingila ne yake riƙe da gidajen. Mu nan wa zai biya? Wasu gidajen tarihinmu ginin ƙasa ne, duk damina sai an yi yaɓe, azara tana son kulawa, gara tana nan tana jira, ga wuta ga masu shara ga masu gadi. Ɗan abin da ake karɓa a ƙofa ka ce a cire, to shikenan sai a zauna jiran Abuja. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya abin da aka ba Bahaushe kyauta ba ya ganin darajarsa

Maman Khalifa:
Haba Alhaji, wannan magana ta ƙarshe ban yarda da ita ba sam. Masallaci kyauta ake shiga, tafsirin azumi kyauta ne, hawan Nassarawa kyauta muke kallo, wanne ne a ciki ya rasa daraja?

Alhaji Nasidi:
Hajiya na janye ta ƙarshen, amma ta farkon tana nan

Sani Ɗan Kurmi:
Hhhh Maman Khalifa ta yi wa Alhaji ɗaurin goro

Injiniya Kabiru:
To a yi irin na Amurka mana. Akwai tsarin da suke kira Museums for All, duk wanda yake da katin tallafin abinci na gwamnati zai nuna a ƙofa ya shiga shi da iyalinsa kyauta ko da 'yan daloli kaɗan. Mai hali ya biya cikakke marar hali a sassauta masa

Malam Bala Ticha:
Wane kati talakan Najeriya yake da shi da zai nuna? Kuma ko akwai, kana ganin magidanci zai tsaya a layi gaban 'ya'yansa ya zaro takardar shaidar cewa shi matalauci ne? Wlh gara ya fasa. In za a yi sassauci a yi shi da rana, a ce ranar kaza kowa kyauta, ba a san mai shi da marar shi ba

Aminu Fagge:
Ku yi haƙuri in shigo. Ni a keke nake tun ina ɗan shekara huɗu, shan inna. Duk muhawarar nan ta kuɗi ce, ni ko ka biya min ka haɗa min da kuɗin mota matsalata tana nan. Na taɓa zuwa wani gidan tarihi a wata jiha, ba zan kama suna ba, da kuɗina na yanki tikiti, ina isa ƙofar ɗakin farko sai ga matakala uku. Samari biyu suka ɗaga ni da keken kamar buhun masara, mutane suna kallo ana ta sannu sannu, ɗaki na biyu ma haka, a na uku ƙofar ta yi wa keken kaɗan sai aka ce in tsaya a waje a riƙa faɗo min abin da ke ciki. Kuma akwatunan gilashin duk an yi su daidai tsayin mai tsaye, ni daga ƙasa gefen katako kawai nake gani. Bayi kam ba a magana. Na fito na ce ni da irin wurin nan har abada. Alhali dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci an sa mata hannu tun Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, shekara biyar ɗin ta cika ta wuce.

Malama Hadiza:
Subhanallah. Malam Aminu wlh ko kaɗan hankalina bai kai nan ba, ka yafe mu

Alhaji Nasidi:
Amma Aminu tsohon gini ai ba a fasa shi, in ka faɗaɗa ƙofar zaure na shekara ɗari biyar ka ɓata tarihin da aka zo gani

Aminu Fagge:
Alhaji ban ce a fasa komai ba. Katako mai gangare da kafinta zai haɗa a wuni ɗaya, a ajiye a ɗauke, shi ne zai ɓata tarihi? Inda keke ba zai shiga ba a ɗauki hoton abin da ke ciki a manna a waje. Makafi a ware musu ko kwafin abu biyar da za su shafa da hannu, tukunya, takobi, allo, linzami, tunda komai an rubuta kar a taɓa. Kurame a samu mutum ɗaya da ya iya maganar hannu ko da rana ɗaya ce a wata. Duk wannan bai kai kuɗin fentin get ba

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ina ganin ku leƙo Yamai ku ga mize namu, wato gidan tarihinmu, wanda aka sa ma sunan Boubou Hama, tun 1959 aka buɗe shi. Dabarar da anka yi ita ce ba a bar shi ɗakin kayan tarihi kawai ba, cikin gida guda akwai namun daji, akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki gabanka kuma ka saya in kana so, akwai ƙasusuwan dabbobin da da anka tono cikin hamada manya-manya, akwai itacen Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai cikin hamada har mota ta kaɓe shi a 1973, anka kwaso shi anka aje. Ran salla in ka ga yara wurin sai ka ce kasuwa ta. Yaro dan zaki da dorina ya taho, amma kafin ya fita ya ga bukkar Abzinawa ya ga tufafin Zabarmawa da na Fulani ya san wani abu. Ni kaina haka na fara, malaminmu na lakwal bai taɓa kai mu ba, kawuna ne ya kai ni kallon kura

Sani Ɗan Kurmi:
Wannan gaskiya ne fa. Gidan zu na Audu Bako ranar sallah ba masaka tsinke kuma biya ake yi, har da 'yan ƙauye a motar haya. Kenan talaka yana da kuɗin nishaɗi in ya san zai ji daɗi. Gidan tarihi ne bai iya tallar kansa ba

Ustaz Mubarak:
Ni tambayata ɗaya ce, wuraren nan ba gumaka ake ajiyewa a ciki ba? Iyaye da yawa dalilinsu kenan ko an ce kyauta ba za su bar 'ya'yansu ba

Baba Malam Ɗanjuma:
Ustaz tambayarka a kan hanya take, bari in amsa a matsayina na wanda ya yi aikin zagayawa da baƙi a gidan tarihi har na yi ritaya. Ya danganta da gidan. A Jos akwai sassaƙen Nok na yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, su ne ma suka sa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tsaya har aka buɗe gidan a 1952. Ba wanda yake bauta musu, shaida ce cewa an yi mutane a ƙasar nan sama da shekara dubu biyu masu fasaha har da narka ƙarfe. Kuma Alƙur'ani da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabaninmu ya kasance. Amma a Gidan Makama abin da za ka gani ƙyamaren ƙofofin ganuwa ne na da, da sulke da lifidi da kayan yaƙi, da hotunan zuwan turawa a 1903, da kayan ɗakin amarya irin na kakanninmu. A Sakkwato gidan tarihi na Waziri Junaidu takardun malamanmu ne na jihadi. A Katsina ginin tsohuwar kwalejin da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu ne aka mayar gidan tarihi. Ina gunki a nan?

To amma bari in faɗa muku abin da na gani da idona shekara da shekaru, wanda ya fi tikiti korar mutane. Rubutun da ke jikin kayan. Turanci ne, kuma ba ma turancin kasuwa ba, irin na masana. Wata rana wani dattijo ya zo da jikokinsa biyu daga ƙauye, da ganinsa ka ga mahaddaci, ya tsaya gaban wani tsohon rubutun hannu cikin gilashi yana karantawa tar-tar har yana gyara wa marubucin wasali, amma 'yar takardar bayanin da aka manna a ƙasa bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, sai jikansa ɗan aji uku ne yake ta kokawa da ita. Ya juyo ya ce min, yaro, littafin namu ne amma bayanin ba namu aka yi wa ba. Ban samu abin ce masa ba. Naira ɗari biyar da ke aljihunsa da ajami a jikinta, gidan da aka ajiye kayan kakansa babu.

Maman Khalifa:
Kai Baba wannan labari ya taɓa ni

Ustaz Mubarak:
Jazakallahu khairan Baba, na ƙaru. In dai haka ne ni da kaina zan iya kai 'yan islamiyyarmu. Na Jos ɗin dai sai na ƙara tambaya

Baba Malam Ɗanjuma:
Ba laifi Ustaz. Amma in ka je Jos kar ka fasa zagayawa baya inda aka gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina, wannan kam ba ka da ja a kansa

Maman Khalifa:
Ni kuma bari in kawo ta mata tunda ba wanda ya kawo. Lokacin da ake buɗewa shi ne lokacin da mace take tsakiyar aikin gida, lokacin da za ta samu sararin fita unguwa kuma bayan la'asar ko magariba an riga an rufe. Ga goyo ga na hannu, ba wurin zama ba inuwa. Kuma wani mijin kina cewa gidan tarihi zai ce me za ki yo a can. Amma a ce ranar Asabar ɗaya a wata ta mata da yara ce, mata ne za su zagaya da mu, wlh 'yan islamiyyar matan aure kaɗai sun isa su cika wurin. Mu da muka san fanteka da tasa da taskira da jeren kwalla ma mu ne za mu ƙara wa ma'aikatan bayani

Sani Ɗan Kurmi:
Almajirai kuma Alhamis, ranar hutunsu ce

Alhaji Nasidi:
Duk na ji, masu kyau ne, amma har yanzu ba wanda ya amsa min wa zai biya. Ranar mata kuɗi ce, ajami kuɗi ne, katakon Aminu kuɗi ne

Injiniya Kabiru:
Alhaji baƙo daga waje da mai shigowa da kyamara zai ɗau bidiyon biki ko hoton kafin aure su biya da tsada, su ɗauki nauyin sauran. Kuma ku 'yan kasuwa fa? Kuna raba shinkafa da azumi kuna kai mutane Umara, bas ɗaya a wata ga makarantar unguwarku zai gagare ku? Ka duba abin da ya faru a Kwatano, da Faransa ta dawo wa Jamhuriyar Benin da kayan masarautar Abome guda 26 a Nuwambar 2021, aka baje su a fadar shugaban ƙasa a 2022 aka ce kowa ya zo kyauta, mutane suka yi ta dogon layi kusan dubu 200 suka shiga. Kenan ba wai baƙar fata ba ya son tarihi ba ne, a gaya masa nasa ne a buɗe masa ƙofa ka sha mamaki

Alhaji Nasidi:
Wato dai zancen ya zagayo kaina 😅

Fati Damaturu:
Ku kuna maganar waɗanda suke cikin birni ma kenan. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙaramar hukumar Fune, shekararsa wajen dubu 8, shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka kaf, tsawonsa ya haura mita 8. Yana nan Damaturu. Ni a nan na tashi amma sai da na shiga jami'a na ji labarinsa, a bakin malami ɗan wata jiha. Yaron Fune da aka tono abin a ƙasarsu wa zai kawo shi ya gani?

Baba Malam Ɗanjuma:
'Yata kin tuna min da majigi. Muna yara mota ce take zuwa har ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha, gari ya fito kaf maza da mata, a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsabta, mai bayani yana yi da Hausa yana ba da dariya. Ba wanda ya ce mu zo birni mu gani, su suka zo. A Mumbai ta Indiya akwai gidan tarihin da ya mayar da bas ɗakin baje koli yana bin makarantu. Mu ko bas ɗin ba ma buƙata, akwatin ƙarfe ɗaya irin na lefen da, a zuba kwafin kaya da manyan hotuna, ma'aikaci ɗaya ya hau mota ranar kasuwa. Na kai wannan shawara a rubuce sau biyu ina aiki, ana ce min ana dubawa har na ajiye aiki

Malam Bala Ticha:
Wannan ita ce ta fi min duka. Kai mutum ɗaya da akwati wurin yara 74 ya fi arha a kan kai yara 74 wurin akwati

Malama Hadiza:
Haka ne Malam amma ni fa ina so su taka ƙafarsu a zauren, su ɗaga kai su ga ɗaurin guga na rufin ɗaki, su ji sanyin ɗakin ƙasa da rana tsaka ba fanka ba komai. Akwati ba zai kawo wannan ba. 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi ce ta duniya, da zan samu hali da ranar zan kai su

Alhaji Nasidi:
To Malama na ji. Bas biyu a wuyana, kai da dawowa. Amma da sharaɗi, tikiti a biya ko nawa ne, ni ban yarda a shiga kyauta ba

Injiniya Kabiru:
Hhhh Alhaji bai sauka daga kan bakansa ba. Tikitin ni zan biya, amma ka sani ban canja ra'ayi ba ni ma

Maman Khalifa:
Ruwa da cincin ni zan kawo

Aminu Fagge:
Malama akwai mai keke ko mai sanda a ajin?

Malama Hadiza:
Akwai yarinya ɗaya mai sanduna biyu, sau da yawa ma ita take cewa a bar ta a aji in za a fita. Allah ya saka muku da alheri wlh har na rasa bakin magana. Amma bas biyu ba za su ɗauki 74 ba fa Alhaji, kuma ba zan bar kowa a get ba

Aminu Fagge:
Ki gaya mata za ta je. Zan riga ku zuwa in auna matakalun, akwai kafinta a layinmu

Sani Ɗan Kurmi:
Ta ukun ku bar min, zan yi wa wani direba magana gobe in Allah ya kai mu. Amma a ajiye min kujera ɗaya a gaba, ni ma ban taɓa shiga ba